Daga Jaki Zuwa Boxer: Tarihin Babur a Hanyar Gurbin Bore

 

Kaka ta kama, gero ya shiga rumbu, wake ya fara fita kasuwa, kuma duk wanda ya zauna majalisar samari a Gurbin Bore ko Zurmi cikin 'yan kwanakin nan ya san hirar da ake yi. Wa zai sayar da mashin ɗinsa, nawa aka taya, me ya sa zai rabu da shi, an taɓa buɗe injin ko ba a taɓa ba. Yaro ya yi damina guda yana duƙe a gona, ya haɗa da kuɗin 'yar tunkiyar da uwarsa ta ba shi, abin da ya tara bai kai rabin kuɗin sabo ba, dole sai na hannu. A da, iyakar abin da zai same shi idan bai dace ba shi ne asarar kuɗi. Yau babur na hannu yana iya kai mai shi ofishin 'yan sanda, yana iya sa a laƙaba masa sunan da har ya mutu ba zai goge ba. Shi ya sa muka ga ya dace makalar wannan mako ta waiwaya baya, mu ga yadda wannan ƙarfe ya shigo ƙasarmu, hannuwan da ya bi, da yadda saye da hawansa suka sauya.

KAFIN ƘARAR INJI

Gurbin Bore gari ne na kan hanya. Wanda ya taso daga Ƙaura Namoda ya bi ta Zurmi zai ratsa mu kafin ya faɗa ƙasar Katsina ta Jibiya, ga iyakar Nijar a arewa da mu, Maraɗi na bayanta. Garin da yake a irin wannan wuri, abin hawa shi ne rayuwarsa. Kakanninmu da jaki da raƙumi da takarkari suka yi fatauci, doki kuwa na sarauta ne da masu hali. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, sai Ƙaura ta zama matattarar kayan arewacin Zamfara. Gyaɗa da auduga da fatu suna gangarawa can a bayan dabbobi, kananzir da atamfa da kayan kanti suna dawowa. Ta irin wannan hanya keke ya iso mana, kuma har yau dattawa suna ambaton Raleigh da girmamawa.

Abin da ya kamata mu riƙe daga wancan zamani shi ne, ladabin hawa ya girmi babur. Mai doki ba ya sukuwa cikin gari idan ba ranar hawa ba ce. Mai jaki yana kauce wa wanda ya ɗauko kaya a ka. Mai keke idan ya zo majalisar dattawa ko ƙofar fada sauka yake yi, ya tura, ya gaida mutane, sai ya wuce sannan ya sake hawa. Babu dogarin da yake tsaye yana tilasta wannan. Mutane sun ɗauka cewa wanda yake sama shi ne da nauyin kula da wanda yake ƙasa.

BABUR NA MALAMAI

Shekarun 1970 ne suka kawo babur cikin ƙauyukanmu da gaske. A watan Afrilu na 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, wato ta daidaita da Nijar da sauran maƙwabtanta, a 1973 naira ta maye gurbin fam da sule, kuɗin man fetur kuma suka fara shigowa. Sai ga ƙarin albashin Udoji, wanda ma'aikata suka karɓi ariyas ɗinsa a dunƙule a 1975. Malamin makaranta da akawu da ɗan sanda suka tsinci kansu da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba, da yawansu kuwa rediyo da babur suka saya. A wannan shekarar aka fara shirin bunƙasa noma na Gusau da tallafin Bankin Duniya, a 1976 aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta na UPE aka kuma yi garambawul ga ƙananan hukumomi. Ma'aikata suka bazu cikin karkara, kowa da bashin abin hawa da ake cirewa a albashi.

Babura na lokacin na Japan ne: Honda, Suzuki da Yamaha, sai Vespa ta Italiya wadda ta fi dacewa da kwalta da babbar riga, ba ta son rairayinmu. A tsallaken iyaka kuma Mobylette ta Faransa ce take yawo a Maraɗi. Kasuwar ta yi ƙarfi har kamfanin Honda ya kafa masana'antar haɗa babura a Ota ta jihar Ogun a 1979.

A ƙauye, ƙarar babur tana nufin malamin gona ya zo, ko malamin tsafta, ko mai allurar riga-kafi, ko hedimasta ya dawo daga karɓar albashi. Yara sukan bi shi a guje har inda zai kafe, su tsaya suna leƙa fuskarsu a madubi. Sayen na hannu kuma ba shi da wuya, domin babura ba su da yawa kuma kowane ɗaya an san tarihinsa. An san ranar da malam ya saye shi, an san sau nawa ya faɗi da shi a gulbi, an san bakaniken da yake duba masa. Idan an yi masa canjin wurin aiki zai sayar, a gaban mutane ake ciniki, a ce albarka, a ƙara, a sallama, shi ke nan. Garin duka shi ne rasit.

KWATANO DA KABU-KABU

Daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya, a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta zube, sabon babur na Japan ya fi ƙarfin albashi. Abubuwa biyu suka biyo baya. Na farko, kasuwa ta koma ga tsofaffin ababen hawa da ake shigowa da su daga waje ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, har sunan garin ya zama sunan kayan: a ce wannan ɗan kwatano ne, ko ɗan Beljiyam. Na biyu, babur ya tashi daga abin ado ya zama abin neman abinci. Ma'aikaci ya tashi daga ofis ya fito haya da yamma, mai kuɗi ya saya ya ba yaro yana kawo masa balas kullum. Abin da Kanawa suke kira acaɓa, mu nan da Sakkwato da Nijar kabu-kabu muka sani.

A nan ne dillalin babur ya samu gindin zama. Tunda mashin ya fito daga ƙasar da ba ka sani ba, ya bi hannu uku kafin ya iso gare ka, dole ka nemi wanda zai tsaya tsakani, ya ci la'adarsa, ya kuma ɗauki nauyi idan magana ta taso. A nan ne kuma bakanikenmu suka zama gwanaye, domin kayan gyara sun yi tsada, sai a ciro na wannan a gyara a sa wa wancan. Dabarun da ake yi wa tsohon inji don ya yi kyau ranar kasuwa, yawancinsu a wannan zamani aka koye su.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni, zirga-zirga ta ƙaru. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, babur ya shiga siyasa, ya zama abin da ake rabawa magoya baya da sunan rage talauci. Da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta fara aiki da shari'a a farkon 2000, ɗaya daga cikin abubuwan da aka hana shi ne ɗan kabu-kabu ya goya matar da ba muharramarsa ba, har an yi wa wasu bulala a kan haka a wannan shekarar. Kano ta bi sahu a 2005 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta kawo babura masu ƙafa uku na A Daidaita Sahu. A birni an samu mafita. A ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, lalura ce ta ci gaba da yanke hukunci.

JINCHENG, ROBA-ROBA DA BOXER

Wanda ya sa babur a hannun talaka shi ne ɗan Sin. A ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 Jincheng ya cika kasuwa, a ƙirar Suzuki AX100 amma a kan kuɗin da manomi zai iya tarawa a kaka ɗaya ko biyu. A kwali yake zuwa, a haɗa maka shi a gabanka, ka hau da ledarsa ka shigo gari ana yi maka murna. Sauran sunaye suka biyo, su Lifan da Qlink da Haojue, da ƙananan nan marasa kuloci da muke kira roba-roba, waɗanda asalin ƙirarsu daga Honda Super Cub ce ta 1958. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, da sannu ta iso mana, sai ya zama daga gida kana iya kiran ɗan kabu-kabu.

Daga baya Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya zo ya ƙwace filin, kuma dalilin yana cikin inji. Jincheng irin na farko injinsa mai bugu biyu ne, yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake hayaƙi, yana da zafin tashi amma yana shan mai. Boxer mai bugu huɗu ne, baƙin mansa yana zaune a ƙasan inji, ba ya hayaƙi idan lafiyarsa ƙalau, lita ɗaya tana kai shi nesa, ga dogon sirdi ga juriyar kaya. Honda ma ta dawo da Ace a 2011 don ta yi gogayya a wannan kasuwa. Ɗan haya lissafi yake yi, inda mai ya fi auki can yake.

Mu da muka taso a wannan lokaci mun ga abin da ya canza. Mai naƙuda da a da sai a amalanke, yanzu cikin sa'a tana asibitin Zurmi. Mutum yana iya cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya kwana gidansa. Buhun taki, ragon layya, ƙofar ɗaki, buhunan gero biyu da mai su a sama, babu abin da ba mu ga an ɗaura wa Boxer ba. Jakuna suka ragu a turke. Amma mun biya kuɗin wannan sauƙi da ƙasusuwanmu: masu ɗori ba su taɓa samun aiki kamar na wannan zamani ba, kuma idan aka ce mazan wannan zaure su ɗaga wando, kaɗan ne ba za a ga tabon salansa a ƙwaurinsu na dama ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu 2009, sai wasu 'yan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya a ka, duniya ta yi dariya, dokar ta bi ruwa. Mun yi dariyar tare da kowa, amma mun san gidajen da hular kwano ɗaya za ta hana zaman makoki. A Janairun 2013 kuma, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana goyo a babur cikin birni, 'yan ci-rani da dama suka dawo gida da mashinansu ko suka sayar. Wannan ne karo na farko da muka ji an haɗa babur da maganar tsaro. Ba mu san namu yana tafe ba.

RANAR DA ƘARAR TA ZAMA ABIN TSORO

Tun wajen 2011 satar shanu da ɗaukar fansa suka fara rikiɗa zuwa abin da muke ciki, kuma babu wanda zai koya wa mutumin Zurmi ko Shinkafi wannan babi. Abin da ya shafi makalarmu shi ne, duk halin da ya sa babur ya yi wa manomi amfani, shi ya sa ya yi wa ɗan bindiga amfani: yana bin hanyar shanu, yana ratsa rairayi, yana ɗaukar mutum uku, jarka ɗaya tana isarsa kwanaki. Yaran da a da suke fitowa a guje idan sun ji ƙarar mashin, yanzu iyayensu mata ne suke kasa kunne su ƙirga, ɗaya ne ko ayari. Har wani samfurin Honda da 'yan daji suka fi so mutane suka laƙaba wa suna Boko Haram, kuma ya kai ga idan an sace mutum, bayan kuɗi sai a ce a haɗo da sabon babur.

Hukuma ta bi abin ta inda take gani. A watan Mayu na 2019 rundunar soja ta sanar da hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Zamfara da Katsina da Sakkwato. A watan Agusta na wannan shekara aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kwastan suka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, garuruwan bakin boda suka koma hannun 'yan bumburutu. Ba a fara buɗe iyakokin ba sai Disambar 2020.

Shekarar 2021 ce ta fi tsanani. A ƙarshen Agusta gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta hana yawo da babur daga magariba zuwa safiya, a farkon Satumba kuma aka katse layukan waya a duk jihar. A daidai wannan lokaci Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya sa hannu a kan tasa dokar: aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka ce matafiya su zagaya ta Funtuwa, aka hana goyon mutum uku, kuma aka hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi. Mu tsaya a kan wannan na ƙarshe. Sana'ar da ta fara da malamin makaranta yana sayar wa maƙwabcinsa a gindin bishiya, ta kai matsayin da gwamna yake ambatonta a dokar tsaro, saboda ta nan mashinan da aka ƙwace a hanya suke samun sabon mai shi, ta nan kuma wasu suke komawa daji. A Yulin 2022 gwamnatin tarayya ma ta ce tana duba yiwuwar hana babur a duk ƙasa, ko da yake ba a aiwatar ba.

Manomin da ba shi da laifi shi ya sha wahalar kowace doka. Shi aka hana fita da mara lafiya da dare, shi ya sayi mai da tsada, shi kuma ake tare wa hanya a ƙwace masa mashin.

GA MAI SAYE A BANA

Yanzu tsada ta ƙaru a kan tsoro. Litar fetur da muka sha a naira 65 kafin 2012, da 145 a 2016, ta haura 500 bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Sabon Boxer da shekaru goma kafin nan bai kai naira 200,000 ba, a 2024 ya wuce miliyan ɗaya. Na hannu ya zama dole ga kusan kowa, to ga abin da tarihin nan ya koya mana.

Takarda kafin inji. Tunda gari ya daina zama rasit, sai a nemi na gaskiya: rasit na asali daga shagon da aka fara saye, da takardun lamba idan an yi masa rajista. A durƙusa a karanta lambar inji da lambar shasi da ido, a gwada da abin da ke takarda harafi bayan harafi. Idan an ga alamar goge ko walda ko sabon fenti a wurin lambar, a miƙe a tafi, ko da kyauta ne. A san mai sayarwa da gidansa, a sayi ta hannun dillalin da yake da rumfa kuma shugabannin kasuwa suka san shi. A rubuta takardar ciniki da sunaye da lambobin biyu da kuɗin da aka biya, shaidu su sa hannu, in da hali a gaban mai unguwa, a ɗauki hoto a waya. Araha ba ta ado. Mashin mai kyau da aka sallama a rabin kuɗinsa, ana gaggawa, ba takarda, kusan kullum akwai mai kuka a bayansa, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa da ta Musulunci. A wannan yanki kuma zargi kaɗai ya isa ya rusa gida.

Sannan inji. A je da bakaniken da aka yarda da shi, wanda ba na mai sayarwa ba, a biya shi kuɗin ƙafarsa. A je da sassafe a taɓa injin, idan an tarar da ɗumi to an riga an tayar da shi don ya ɓoye wahalar tashi. Mai lafiya bugu ɗaya ko biyu yake kamawa, ya tsaya da kansa ba a riƙe masa totur ba. Idan mai bugu huɗu yana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ringi ya tafi, yana shan baƙin mai. A zaro ma'aunin mai a murza a yatsa: idan ya yi kauri fiye da ƙima, mai yiwuwa an zuba ne don a danne ƙarar ƙwanƙwasa. A kwance fulogi a ga ko ya jiƙe da mai. A duba kusoshin inji ko kawunansu sun cinye, alamar an sha buɗe shi. A tsaya ta baya a hango tayar gaba da ta baya ko suna kan layi ɗaya, domin mashin da ya taɓa yin mummunan karo ba ya komawa daidai, kuma a rairayi zai riƙa jan mutum gefe. A duba haƙoran da sarƙa take bi ko sun yi tsini, a danna shokozoba, a gwada birki gaba da baya, a shiga kowace giya a ji ko tana fita da kanta. Kada a kashe duk abin da ke aljihu a ciniki, a rage na juyen mai da taya da sarƙa, don babu na hannun da ba ya neman wani abu a watan farko.

Masu sayarwa kuma, mu ji tsoron Allah. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayarwa idan ya gano aibin da aka rufe masa. Faɗin gaskiya zai rage 'yan dubbai, amma gobe a masallaci ɗaya za a haɗu.

Ga ɗan koyo, shawarar ba ta canza ba tun zamanin malamai: a fara da ƙarami. Roba-roba ba shi da nauyi kuma ba ya buƙatar kuloci, ya dace da cikin gari da ɗan makaranta da dattijo. Wanda zai shiga gona da kaya, Boxer mai lamba 100 ya ishe shi, ƙafarsa tana taɓa ƙasa, kayan gyaransa suna kowace rumfa. Kada saurayi ya ɗora ransa a kan babban mashin irin wanda 'yan daji suke nema, don ya sayo wa kansa ido biyu ne, na ɓarawo da na jami'in tsaro. A koya a filin makaranta, a koyi tsayawa kafin gudu. A rairayi ba a damƙe birkin gaba, ƙaramar giya ake sa a riƙe totur daidai a bar kan ya nemi hanyarsa. Da damina idan gulbi ya kawo, a jira ko a ba masu fito, ruwa idan ya shiga inji gyaran ya fi kuɗin fiton. Kada a goya kowa sai hannu ya faɗa, balle mace da goyo.

LADABIN DA YA RAGE, DA WANDA YA ƘARU

Tsohon ladabin yana nan. A rage gudu a ɗaga hannu idan an zo majalisa, dattijo kuma a tsaya a gaishe shi, Baba ina za a kai ka, in hanya ɗaya ce a rage masa. A kashe inji a gefen sahun sallah da wurin jana'iza. Kada a bule mai talla da ƙura ko a watsa wa mai farar riga ruwan kwata. Garke idan yana tsallaka hanya a jira shi. Idan an goya mace a tuna mata ta tattare hijabinta, namiji ya tattare babbar rigarsa, don sarƙa da taya ba su da tausayi. Wanda ya ari mashin ya dawo da shi a kan lokaci da mai a tanki, in ya fasa wani abu ya faɗa kafin a gani. Cire salansa da wasan ganganci a ɗaurin aure kuwa, mun binne isassun abokan ango.

Sabon ladabin shi ne wanda wahala ta koya mana. Ba a shiga ƙauye a ayari ba tare da an aika sanarwa ba, ko da ɗaukar amarya ne, domin ƙarar mashin goma tana iya sa tsohuwa ta faɗi a guje. Ba a rufe fuska da rawani idan an tunkaro gari. A shingen sojoji ko na Askarawan Zamfara, waɗanda Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, a rage gudu tun daga nesa, da dare a rage fitila, a bi abin da aka ce, takardu suna aljihu. Ba a ba baƙo aron mashin, ba a karɓi saƙon jarkar mai ko ƙullin da ba a san na wa ba ne. Wanda ya ga abin da bai gane ba a hanya ya sanar da na bayansa.

Akwai kuma wanda muke tsoron kada ya ɓace. A da, ba a wuce wanda mashin ɗinsa ya lalace a daji, sai an tsaya an ba shi fulogi ko an tsiyaya masa mai a kwalba. Yau mutum yana hango mai tura mashin sai gabansa ya faɗi, ya ƙara wuta, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma idan fuskar da ka sani ce, ko a kusa da gari ne, a tsaya. Idan ba za a iya tsayawa ba, a faɗa wa bakanike na farko da aka tarar cewa akwai mutum a baya.

Dattawan wannan zaure da suka hau Honda da Suzuki na zamanin Udoji, muna roƙon ku ƙara mana abin da kuka gani da idonku, musamman wanda ya fara shigo da babur garinku. Samarin da za su shiga kasuwa wannan mako, Allah Ya haɗa ku da na halal mai albarka, Ya tsare ku a hanya. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.